Jagoran Nazarin Taurari da Ginin Duniya a Labarin Almara Mai Duhu

Labarin almara mai duhu shi ne ƙagaggen labarin da aka kafa a wata duniya wadda aljanu da matsafa da dodanni suke da hannu dumu-dumu a al'amuranta, sannan marubucin ya bar tsoro da hasara da mugun nufi suka mamaye tafiyar labarin, har ya kasance jarumi ba ya fita daga abin da ya shiga sai da tabo a jiki ko a zuci. Masu sayar da littattafai a Sabon Garin Zariya sukan haɗa irin wannan labari da danginsa su kira su littattafan yaƙi, manazarta adabi kuwa, irin waɗanda ake horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sukan sa su a ƙarƙashin jigon jarumtaka, ko da yake ba kowane labarin yaƙi ne yake da duhun da ake nufi a nan ba. Abubuwa biyu ne suke ɗauke da nauyin irin wannan littafi: taurari, wato mutane da sauran halittun da labarin yake gudana a kansu, da kuma ginin duniya, wato yadda marubuci ya tsara ƙasa da garuruwa da sarauta da abinci da ibada da dokokin tsafi na wurin da ya ƙaga. Ma'aunin da ya fi amfani ga mai karatu wajen auna duka biyun guda ɗaya ne, shi ne ya riƙa tambayar abin da kowane iko yake ci da kuma wanda yake biya, domin duniyar da ake samun komai a cikinta kyauta ba ta iya tsorata kowa, tauraron da bai taɓa rasa komai ba kuma ba ya zama a zuciyar wanda ya karanta shi.

Mai karatun da ke zaune a Zariya yana da gata a wannan fanni, domin a garinsa aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ita ce ta shirya gasar rubutu ta 1933, kuma cikin littattafai biyar na farko da ta fitar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Jiki Magayi wanda John Tafida Wusasa ya rubuta tare da East ɗin. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, hukumar NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, sannan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, duka a Zariya, kuma ta hannunsu ne littattafai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa suka shiga makarantu. Daga baya marubutan Kano, musamman Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, suka cika kasuwa da labaran sadaukai da bokaye da aljanu, waɗanda a yau ake karantawa a takarda da waya, ake kuma sauraren su da murya a YouTube. Wanda ya san tsofaffin ya fi iya gane inda sababbin suka ƙara da inda suka gaza, shi ya sa ya dace mai son wannan nazari ya nemi na farkon, ko a wajen masu sayar da littattafai na Sabon Gari ko a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello.

Aikin yana farawa da karatu na farko, wanda ake yin sa ba tare da alƙalami a hannu ba, a bar labarin ya ja mutum yadda ya ga dama. Abin da kawai ake buƙata bayan an rufe littafin shi ne a rubuta wurare biyu ko uku da gaba ya faɗi, da wuraren da aka ji gajiya har aka yi sha'awar tsallake shafi, domin waɗannan su ne shaidun farko, kuma sauran nazarin duk ƙoƙari ne na gano dalilinsu.

A karatu na biyu ne ake ɗaukar takarda a fara zana taswirar duniyar littafin, ko da marubucin bai ba da ita ba: ina birnin yake, ina daji, ina kogi, kwana nawa ake yi daga wannan wuri zuwa wancan, a ƙafa ko a kan doki. Sau da yawa wannan ɗan zane kaɗai yakan tona asirin littafi, sai a tarar tafiyar da ta ci wata uku a babi na biyu an yi ta cikin yini guda a babi na tara ba tare da an ambaci wani aljani da ya ɗauki matafiyin ba. Amma taswira ba nisa kaɗai take aunawa ba, tana tambayar dalilin zaman kowane gari a inda yake, kuma a nan Zariya kanta ta isa abin gwaji. Birnin Zazzau yana cikin ganuwa da ƙofofinsa, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, saboda tsaro da sarauta. Tudun Wada ta tashi a bayan ganuwa domin baƙi 'yan Arewa. Sabon Gari ya tsiro ne a gefen tashar jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da harsunansu da majami'unsu. Samaru kuwa ta girma a kewayen tashar binciken aikin gona, sannan jami'ar da aka buɗe a 1962 ta mai da ita garin ɗalibai. Kogin Kubanni ya ratsa tsakaninsu ya gangara Galma, dutsen Kufena kuma yana tsaye da tarihin da ya girmi ganuwar. Wanda ya saba hawa mota daga Samaru ya sauka a Sabon Gari ya riga ya sani a jikinsa cewa gari na gaskiya hawa-hawa ne, kowane ɓangare da zamaninsa da mutanensa da abin da ya kawo su. Da wannan sanin zai tunkari birnin da ke cikin littafi ya tambaye shi inda mutanensa suke ɗiban ruwa, da wanda yake noma abin da dakaru dubu ɗari suke ci, da waɗanda aka bari a bayan ganuwa idan an rufe ƙofa da magariba, da inda maƙera suke samun tama. Ba a buƙatar marubuci ya amsa duka, hasali ma littafin da ya tsaya amsa duka yakan koma darasin labarin ƙasa, amma ana so a ji alamar cewa da za a tambaye shi yana da amsa. Birnin da ba shi da komai sai fada da filin daga da kogon boka bai ginu ba tukuna, ko da an ce tsawon ganuwarsa ya kai tafiyar shekara.

Daga ƙasa sai a juya ga tsafi, wanda shi ne ƙashin bayan wannan nau'i, kuma nan ne ya fi cancanta mai nazari ya daɗe. Zai ware shafi guda ya rubuta kowane iko da ya bayyana a littafin, a gabansa ya sa abubuwa uku: daga ina aka samo shi, mene ne sharaɗinsa, mene ne makarinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan lissafi, domin al'adarsa ta riga ta tsara shi tun kafin a fara rubuta littafi. Layar zana da baduhu na ɓacewa ne, sagau yana sandarar da hannun mai kai sara, kau-da-bara yana karkatar da harbi, tauri yana hana ƙarfe cin jiki, kurciya kuma tana raba mutum da garinsu ya shiga duniya, kuma a fahimtar masu riƙe da waɗannan abubuwa kowannensu yana da abin da aka hana mai shi, wanda in ya karya maganin ya lalace ko ya juyo kansa. Haka maita take a labarin da ake bayarwa, maye yana kama kurwa, amma akwai hanyar da ake tilasta shi ya saki, har a sa shi ya tsallaka wanda ya kama. Mafi cikar misali shi ne bori, inda aka ce iskoki suna zaune a birnin Jangare, gida-gida, da sarkinsu da danginsu da auratayyarsu, kowane iska kuma, ko Sarkin Rafi ne ko Ɗan Galadima ko Kuturu ko Inna, yana da kirarinsa da kiɗansa da kalar tufarsa da dabbar da ake yanka masa da cutar da yake sa wa mutum. Ambaton wannan ba yarda da shi ba ne, nuni ne cewa tunanin Bahaushe bai taɓa sanin iko marar iyaka a hannun halitta ba, saboda haka marubucin da ya ba bokansa ikon yin komai a kowane lokaci ya yi ƙasa da abin da kakarsa take yi a tatsuniya, inda ko Dodo yana da lagon da Gizo ko wata ƙaramar yarinya za su iya kamawa.

Idan an gama wannan jadawali sai a bi labarin a ga ko marubucin ya mutunta dokokin da ya kafa da kansa. Laifin da ya fi yawa a littattafan yaƙi na kasuwa shi ne makami ko zobe ko aljanin da yake faɗowa daidai lokacin da jarumi ya shiga tsaka mai wuya, ba a taɓa ambatonsa a baya ba, ba a kuma biya komai a kansa ba. Mai karatu yakan ji daɗin hakan sau ɗaya, a karo na uku kuwa tsoro ya riga ya fita daga ransa, tunda ya gane babu ramin da marubucin ba zai zuro igiya ba. Akasin haka, inda aka faɗi sharaɗi tun farko, aka bar mai karatu yana ɗauke da shi har zuwa ranar da tauraro zai zaɓi ya karya shi da saninsa, nan ne duniyar littafi da halin tauraro suke haɗuwa su zama abu guda.

Wannan ya kawo batun taurari, kuma Jiki Magayi ya fi kowane tsohon littafin Hausa dacewa da koyon nazarinsu, duk da cewa aljanu ba su cika shi ba. Abubakar saurayi ne da attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainabu, yarinyar da yake so, sai ya sha alwashin ramuwa, ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa, ya ratsa daji mai haɗari, ya samo abin da ya je nema bayan wahalar da ta nakasa jikinsa. Asirin ya ci yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa ba da saninsa ba. Tambayoyin da mai nazari zai yi wa kowane babban tauraro suna fitowa fili a nan: me yake so, me ya hana shi, me ya yarda ya bayar, kuma a wane wuri ne hanya ta rabu biyu a gabansa ya ɗauki ɗaya. Abubakar an zalunce shi da gaske, shi ya sa mai karatu yake bin sa da tausayi a farko, amma wanda ramuwarsa ta faɗa wa yaro ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma littafin bai sauƙaƙa wa mai karatu ya ce wannan ne mugu wancan ne nagari ba. Wannan rashin sauƙi shi ne ainihin duhun da ake nema, kuma ya fi gawa dubu a filin daga nauyi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, amma abin da ya ɗaga littafin sama da wa'azi shi ne ya sa mai karatu ya zauna cikin zuciyar mai ginin ramin har ya fahimci abin da ya sa ya ci gaba da haƙa.

Ba kowane tauraro ne ake so ya kasance mai zurfi haka ba, kuma kuskure ne a auna su duka da mudu ɗaya. Akwai tauraro mai fuska ɗaya, wanda halinsa ba ya sauyawa daga farko zuwa ƙarshe, kamar Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja, wanda daɗinsa yana cikin sanin da aka yi masa, da zarar ya bayyana an san shi da Alhaji Imam, tauraron littafin, za su sake gwada wayo. Ganɗoki ma haka yake, sadauki ne mai kirari da bugun ƙirji tun daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda suka kai ga Burmi a 1903, har zuwa ƙasashen aljanu da ya faɗa daga baya, kuma abin lura a littafinsa shi ne ɗinkin da ke tsakanin tarihi da almara, inda mai nazari zai iya sa yatsa a kan shafin da duniya ta sauya ya tambayi ko muryar mai ba da labarin ta ɗauke shi ta tsallakar da shi. Abin da ba a yafewa shi ne babban tauraron labari mai duhu ya ratsa mutuwar iyaye da cin amanar aboki da kurkukun matsafa, sannan ya fito yana magana da tunani kamar yadda ya shiga. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗauki maganarsa ta babin farko a ajiye kusa da ta babin ƙarshe, a rufe sunan, a ga ko za a iya gane wadda ta riga wata.

Abokin gaba yana buƙatar irin wannan bincike, har ma fiye. Boka ko azzalumin sarkin da ba shi da wani buri sai mallakar duniya baki ɗaya ya yi yawa a kasuwa, kuma ba ya ba da tsoro domin ba wanda ya taɓa haɗuwa da irinsa. Wanda yake tayar da tsigar jiki shi ne mai buƙata irin ta mutane, neman haihuwa ko tsoron tsufa ko kishin ɗan'uwa, wanda ya bi ta hanyar da ba ta da komowa. Sannan a duba mata da bayi da talakawan labarin, a ga ko gimbiya tana da abin da take so ban da a cece ta, ko tsohuwar da ke bakin daji tana da rayuwa kafin jarumi ya iso da bayan ya wuce, ko kuma mutanen ƙauyen da dodo ya cinye an ba ko ɗaya daga cikinsu suna. Marubucin da yake kashe mutane da lissafin dubbai ba tare da ya tsaya a kan gawa ɗaya ba bai ɗauki mutuwa da muhimmanci ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya riƙe wannan a kansa.

Akwai kuma tambayar asalin kayan ginin, wadda ake yawan yi mata gurguwar fahimta. Aro ba aibi ba ne a adabin Hausa: Iliya Ɗan Maiƙarfi ya samo tushe daga labarin wani gwarzon Rasha, Magana Jari Ce ta ɗebo daga Gabas da Turai, Dare Dubu da Ɗaya kuma ya daɗe da zama ɗan gida, ga shi har yau ana ambaton Ƙwalele dokin Iliya kamar a nan aka haife shi. Abin dubawa shi ne ko abin da aka aro ya narke. Da yawa daga littattafan yaƙi na yanzu suna kafa labarinsu a biranen da ke da sunayen Larabawa ko na Farisa, da sarakuna masu bautar gumaka, wataƙila domin nisanta tsafin daga gida, kuma wannan zaɓi ne da za a iya karewa. Amma idan mutanen wannan birni suna gaisawa da zaman fada irin na Hausa a wani shafi, a wani shafin kuma suna faɗa irin na finafinan Indiya ko na Sin, to ɗinkin ya fito. Kwatanci da maƙwabta yana taimakawa a nan, domin D. O. Fagunwa, wanda littafinsa na farko ya fito a 1938, ya gina dajin aljanunsa daga tunanin mafarautan Yarabawa, kuma ɗalibin da ya karanta shi zai dawo yana mamakin yadda Jangare da Kufena da rijiyar Kusugu suke zaune ba a ci rabin amfaninsu ba.

Addini yana shiga wannan nazari ta ƙofar da ba za a kauce mata ba, tunda yawancin marubuta da masu karatun Musulmi ne, kuma labaran sukan ƙare da rinjayen mai imani a kan matsafi. Mai nazari ba ya jayayya da wannan ƙarshe, abin da yake dubawa shi ne yadda aka iso gare shi, wato ko imanin tauraron an jarraba shi da yunwa da tsoro da jinkirin amsa har ya zama hali, ko kuwa an mai da addu'a wani makami ne da ake zarowa a babin ƙarshe kamar yadda boka yake zaro nasa. Na biyun yana rage darajar abin da marubucin yake son ɗaukakawa, kuma ya kamata a faɗi haka cikin ladabi.

Harshe shi ne abu na ƙarshe da ake bi, kuma kunne ya fi ido iya kama shi, shi ya sa yake da kyau a karanta shafi biyu ko uku a bayyane. Ana sauraren ko kirarin sadauki nasa ne shi kaɗai ko kowa zai iya ɗauka, ko aljani yana magana da wata murya dabam da ta ɗan Adam, ko bafade da boka da yarinya ana iya rarrabe su ba tare da an faɗi mai magana ba. Ana kuma lura da inda marubuci ya yi shiru, domin abin tsoron da aka siffanta tun daga ƙaho har kofato yakan zama abin kallo kawai, wanda aka nuna sawunsa da warinsa da shirun da tsuntsaye suka yi kuwa mai karatu ne yake ƙarasa shi da abin da shi kansa yake tsoro.

Idan aka zo rubuta tarke, wato bayanin hukuncin da aka yanke wa littafi tare da hujjojinsa, ko don aji ne ko don zaman masu karatu, sai a koma ga wuraren nan da aka rubuta bayan karatun farko a haɗa kowanne da dalilin da aka gano, a kawo babi da shafi, a ce gaba ya faɗi a wuri kaza saboda an kafa sharaɗi kaza tun a wuri kaza, an gaji a wuri kaza saboda yaƙi na huɗu bai sauya komai a halin kowa ba. A raba abin da littafin ya yi niyya bai cim ma ba da abin da bai taɓa niyya ba, kada a tuhumi labarin barkwanci da rashin duhu. Littattafan da suke fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu har zuwa na biyar ko fiye, suna da hukunci na musamman: ana iya yanke magana a kan harshe da taurari tun daga kashin farko, amma batun ko dokokin tsafin sun tsaya da ƙafarsu sai an ga kashin ƙarshe, saboda haka mai tarke zai ajiye taswirarsa da jadawalinsa, ya rubuta a kansu lambar kashin da ya tsaya, ya ci gaba da cika su duk lokacin da na gaba ya shigo kasuwa.